Fom a Waya, Lambar Sirri a Hannun Wani: Masu Buƙata ta Musamman, Shafukan Intanet da Matsayin Doka a Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda hidimomin hukuma da na banki suka koma shafukan intanet da manhajojin waya, da abin da hakan ya jawo wa makafi da kurame da guragu da zabaya a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Ta bayyana kurakuran gini da ke hana su amfani da waɗannan shafuka, ta kuma auna dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018 da irin dokokin wasu ƙasashe. Matsayar maƙalar ita ce, shafin da ya tilasta wa baligi mai hankali ya miƙa lambar sirrinsa ga wani kafin ya sami haƙƙinsa ya nuna masa bambanci, kuma sashe na farko na dokar ya isa a kama mai shafin da shi. Abin da ya rage shi ne a sami ma'auni, da mai dubawa kafin a biya ɗan kwangila, da wanda zai fara kai ƙara.

1.0 Gabatarwa

Shekaru ashirin da suka wuce, mai neman gurbin karatu ko aikin gwamnati ko katin zaɓe ofis yake zuwa, ya karɓi fom na takarda, ya cike, ya miƙa. Yau kusan duk wannan ya koma waya. A 2014 aka shigo da lambar BVN a bankuna. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. A Yunin 2021 hukumar INEC ta buɗe shafin da ake fara rajistar katin zaɓe. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura hatta mai sayar da rake zuwa karɓar taransifa. A Mayun 2024 asusun NELFUND ya buɗe shafin neman bashin karatu, kuma ta shafin ake nema.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata lalura mai nauyi a jiki ko a gani ko a ji ko a ƙwaƙwalwa. Kusan mutum ɗaya cikin shida ke nan. Duk lokacin da wata hukuma ta rufe tagar ofis ta buɗe shafi, ta yanke hukunci a kan waɗannan mutane, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga makaho mai ilimi. Muna da alarammomi makafi da suka haddace Alƙur'ani suka karantar da masu ido. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma shi ya yi Imfiraji. Muna da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suke nuna cewa an daɗe da sanin waɗannan jama'a suna da shugabanci da bakin magana. Lokacin da ilimi yake a ka da baki, makaho yana tsayawa da ƙafarsa. Zuwan takardar boko da fom ne ya mayar da shi mai neman wanda zai karanta masa. Wayar zamani ita ce abu na farko da zai iya dawo masa da wannan 'yanci, domin tana iya karanta masa rubutu da murya. Shi ya sa takaicin yake da yawa idan aka ga sakacin mai gina shafi ya sake ƙwace masa ita.

2.0 Yadda intanet ke isa yankin

Ƙananan hukumomin nan huɗu su ne ƙafar Jihar Kano ta kudu. Bebeji ke da madatsar ruwa ta Tiga da tafkin Bagauda. Daga Kwanar Ɗangora a Ƙiru hanya take rabuwa da titin Zariya, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta shiga Doguwa, wadda hedikwatarta ke Riruwai, garin da aka sani da haƙar kuza. Doguwa ce ƙurewar jihar ta wannan ɓangare. Noma ne babbar sana'a: masara, shinkafa, rake, dawa.

Abin lura shi ne, manyan wuraren da mai lalura zai nemi taimako na musamman a birni suke: Makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi, Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero, Asibitin Ido na ECWA. Mutumin Riruwai da ke kan keken guragu, zuwa Kano yini ne guda a gare shi, ga kuɗin mota nasa da na ɗan rakiya, ga wahalar hawa da sauka. Don haka babu wanda shafin intanet mai kyau zai amfana kamarsa. Babu kuma wanda mummunan shafi yake cutarwa kamarsa, tunda ba shi da ofis kusa da zai je ya ce a gyara masa.

A nan intanet a waya take, ba a kwamfuta ba. Wayar kuma ƙaramar Android ce mai araha, wani lokaci fuskarta a tsage, ga data ta tsada, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa da zarar an bar bakin titi. Duk abin da ya gagari waya sai a kai wa mai kafe, duk abin da ya shafi kuɗi sai a kai wa mai POS.

Na taɓa zama a wani shagon kafe a Tudun Wada lokacin da wani matashi makaho ya shigo da ƙaninsa. Ya gama sakandare, yana riƙe da wayarsa kusa da kunne, yatsansa na shafa fuskarta, muryar na'ura na karanta masa da saurin da ni ban iya kama ko kalma ɗaya ba. Da kansa yake tura saƙo, da kansa yake karanta labarai. Fom ɗin tallafin karatu na wata hukuma ne ya kawo shi. Ya cike rabinsa a gida, sai ya tarar da gwajin nan na karkatattun haruffa da ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne. Haruffan hoto ne, muryar ba ta ganin hoto. Kafin ƙanin ya dawo daga gona lokacin da shafin ya bayar ya ƙare, duk abin da ya rubuta ya goge. A shagon mai kafe ya ce, "Malam, faɗo min lambar NIN ɗinka." Ya faɗa. "Lambar asusu." Ya faɗa. "Kalmar sirrin imel fa?" Ya ɗan yi shiru, ga mutum kusan cike da benci. Ƙanin ya ce, "Yaya, faɗa masa mana, rana na yi." Ya sunkuyar da kai ya faɗa.

Ban ɗora wa mai kafe laifi ba. Yawancinsu masu amana ne, kuma su suke cike giɓin da hukuma ta bari. Amma mai ido da ya je kafe yana iya karɓar madannai ya buga kalmar sirrinsa da hannunsa, ya duba abin da aka rubuta masa kafin a tura. Makaho ba shi da wannan zaɓi. Banki kuwa idan kuɗi ya ɓace, tambayarsa ta farko ita ce ko ka ba wani lambarka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanai alhakin tsare su. Ina tsaron yake idan hanyar tattarawar da kanta tana sa mutum ya shelanta sirrinsa a kasuwa?

3.0 Abubuwan da ke tare hanya

Manhajar karanta allo ba ta kallon shafi yadda ido ke kallonsa. Rubutun da ke ƙarƙashin shafin take bi, wanda mai gini ya tsara. A Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver, a kwamfuta akwai JAWS ta kuɗi da NVDA ta kyauta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006. Idan mai gini ya sa hoto bai rubuta masa bayani a ɓoye ba, muryar sai ta ce hoto kawai, ko ta karanto sunan fayil. Idan ya sa maballi mai alamar kibiya bai raɗa masa suna ba, sai ta ce maballi ne, ba ta faɗi na mene ne ba: na turawa ne, na gogewa ne, Allah masani. Idan akwatunan fom ba su da laƙabin da aka ɗaura musu, mai cikewa ba zai san inda sunan mahaifi zai shiga ba da inda ranar haihuwa za ta shiga. Idan ya yi kuskure aka nuna masa da jan launi kaɗai, bai san ya yi ba.

Ƙungiyar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da ma'aunin da ake kira WCAG tun 1999. Ta sabunta shi a 2008 da 2018, na ƙarshe kuma, wato 2.2, a Oktoban 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: mutum ya iya riskar abin da ke shafin ta ido ko kunne ko taɓawa, ya iya sarrafa shi, ya fahimce shi, kuma shafin ya yi aiki da na'urorin taimako iri-iri. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne yawancin dokokin duniya suke nema. Kada a ɗauka matsalar ta Nijeriya ce kaɗai. Cibiyar WebAIM ta Amurka tana gwada shafukan farko na manyan gidajen yanar gizo miliyan ɗaya duk shekara, kuma a 2024 ta sami kuskure a kashi 95.9 cikin ɗari. Kurakuran da suka fi yawa ƙanana ne: rubutu mai dishi-dishi, hoto ba bayani, akwatin fom ba laƙabi, maballi ba suna, da rashin bayyana harshen shafi. Mai gini da ya san aikinsa ba zai kwana biyu a kan irin waɗannan ba.

Wannan kuskure na ƙarshe ya fi shafar mu, don haka zan tsaya a kansa. Kowane shafi yana da wurin da ake rubuta alamar harshensa, ta Hausa kuwa haruffa biyu ce, ha. Da ita manhaja take sanin muryar da za ta ɗauko. Shafukan Hausa da yawa an gina su ne a kan ƙirar Turanci, ba a canza alamar ba, sai a ji muryar Bature tana tauna Hausa. Ko an canza ma, wayoyin da ke hannun mutanenmu galibi da muryar Turanci suke zuwa. Idan ta ci karo da ƙ ko ɗ ko ɓ sai ta tsallake, ko ta datse kalmar gida biyu. Makafin da suka daɗe da waya sun saba, kunnensu ya koyi warware wannan gwamutsi. Amma dattijon da yanar ido ko hawan jinin ido ya raba da ganinsa yana da shekara sittin, bai kuma taɓa jin Turanci ba, ta ina zai fara? Kayan aikin gyaran suna nan tafe. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa, kamfanin Meta kuma ya fitar da fasahar mayar da rubutu murya a harsuna fiye da dubu a 2023. Abin da muke buƙata shi ne murya ta Hausa mara nauyi, wadda za ta zauna a ƙaramar waya ta yi aiki ba tare da data ba. Wannan aiki ne na sassan nazarin harsunan Nijeriya da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, kuma a ganina ya fi yawancin abin da muke ba ɗalibai su yi bincike a kai amfani.

Kurame matsalarsu daban ce, kuma an fi mantawa da su saboda ana ganin ai suna da ido. A ƙasar Kano rediyo ce jaridar talaka, saƙon murya na WhatsApp kuma shi ne wasiƙarsa. Duka biyun ba sa isa ga kurma. Sanarwar rigakafi, ta rabon taki, ta ambaliya ga ƙauyukan da ke ƙasan Tiga, duk da murya ake yi. Bidiyon da hukuma ke sakawa ba safai yake da rubutu a ƙasa ba. Ko da akwai rubutun, wanda aka haifa kurma harshensa na farko maganar hannu ce, rubutu na biyu ne. Kuma maganar hannun iri biyu ce. Akwai ta gida, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Akwai kuma ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka, tun zuwan Andrew Foster Nijeriya a 1960. Kurman da ya yi Tudun Maliki zai gane tafintan talabijin, na ƙauyen Doguwa da bai shiga aji ba ba lallai ya gane ba. Hukumar da ta sa tafinta a kusurwar bidiyo ta yi ƙoƙari, amma ya kamata ta tambaya: tafintan wa?

Sai masu lalurar hannu: wanda shan inna ta taɓa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wanda kuturta ta cinye wa yatsu. Su ƙanƙantar maballi ce ke wahalar da su, da agogon da ke ƙirga daƙiƙu. Lambar da ake turowa ta saƙo tana mutuwa kafin su gama kwafa, lambobin USSD na banki suna yankewa a tsakiya. WCAG ya nemi a ba mutum damar ƙara lokaci, sabon ma'aunin na 2.2 kuma ya ƙayyade mafi ƙarancin girman abin taɓawa, ya hana a sa mutum ya sake rubuta abin da ya riga ya rubuta. Zabaya da tsofaffi kuwa buƙatarsu rubutu mai kaifin launi da ake iya ƙara masa girma ninki biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. Wannan gyara kowa zai ci moriyarsa, har da mai lafiyar ido da ke duba waya a tsakar rana a bakin gona.

4.0 Me doka ta ce

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman a Disambar 2006. Nijeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar a Satumbar 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet da sunanta cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa, sashe na 21 kuma ya yi maganar samun bayanai ta hanyar da mutum zai iya amfani da ita. Sai dai sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sashe na 42 kuma, wanda ya hana nuna bambanci, ya lissafo ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa ba.

Wannan giɓi ne dokar 2018 ta zo cikewa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 23 ga Janairun 2019. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a ƙarshen 2018, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, bayan Filato da Legas da suka riga ta. Dokar tarayya ta kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Ta ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ta ba su fifiko a layi. A kan gine-gine ta yi bayani filla-filla: ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024, ta ce a duba zanen gini kafin a amince da shi, ta kuma tanadi tarar naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu ga jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa ƙa'ida.

Ba ta yi wa shafukan intanet irin wannan bayani ba. Babu wa'adi, babu ma'auni, babu mai duba zane. Daga nan wasu suke cewa dokar ba ta shafi intanet ba. Ban yarda ba. Sashe na farko ya hana kowane mutum ko kowace cibiya nuna wa mai lalura bambanci saboda lalurarsa, ta kowace hanya, a kowane hali. Hukuncin kamfani ko cibiya tarar naira miliyan ɗaya ce, na mutum ɗaya naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kuma wanda aka zalunta yana da damar neman diyya a kotu. Lafazin ya faɗaɗa da gangan. Ga kuma wata hujja ta hankali. Dokar da ta ware kashi biyar na aiki, idan shafin neman aikin bai karɓi makaho ba, an soke kason tun kafin a fara tantancewa. Dokar da ta ce a sa gurgu gaban layi, me za ta ce idan layin ya koma shafi mai agogo?

Ƙasashen da suka yi nisa ma da irin wannan doka mai faɗi suka fara. A Ostireliya, dokar 1992 ba don intanet aka rubuta ta ba, amma a 1999 wani makaho, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu, ya yi nasara a 2000, aka ba shi diyyar dalar ƙasar dubu ashirin. A Amurka dokar 1990 ta riga yaɗuwar yanar gizo. Duk da haka ƙungiyar makafi ta ƙasar ta maka kamfanin Target a kotu a 2006, aka sasanta a 2008 a kan dala miliyan shida. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta hau kan shafi da manhajar kamfanin Domino's, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sake duba hukuncin. Sai a Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fito ƙarara ta ce shafukan jihohi da ƙananan hukumomi su cika WCAG 2.1 a matakin AA. Tarayyar Turai ta wajabta wa hukumomin gwamnati tun 2016, ta kuma faɗaɗa zuwa bankuna da kasuwancin intanet daga 28 ga Yunin 2025. A nahiyarmu Kenya ta fitar da nata ma'aunin a 2022. A Ostireliya da Amurka ƙarar ce ta riga ƙa'idar. Mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta tsaya, alƙali ya karanta tsohuwar doka da idon zamani, daga baya gwamnati ta rubuta.

Dole in faɗi raunin dokarmu. Tarar naira miliyan ɗaya a 2019 kuɗi ce, yau ba za ta hana banki barci ba. Ƙarfin dokar yana ga umarnin kotu na a gyara, da kunyar a ambaci sunan hukuma a gaban alƙali.

5.0 Inda za a kama bakin zaren

Muna da abin da ya yi daidai da mai duba zanen gini, ba mu dai ɗora masa wannan aiki yadda ya kamata ba. Hukumar NITDA, wadda dokar 2007 ta ba ikon tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa, ita ke kula da adireshin shafukan gwamnati, tana da jagorar gina su, kuma ma'aikatun tarayya sai sun nemi sahalewarta kafin su fara babban aikin fasaha. A nan ya kamata a ɗaure akuyar. A rubuta WCAG matakin AA cikin takardar kwangila, a riƙe kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila har sai shafin ya ci gwaji. Amurka ta bi makamanciyar wannan hanya tun 1998 a kan duk kayan fasahar da gwamnatin tarayya ke saye. Gwamnatin Kano ba ta buƙatar jiran Abuja: takardar umarni ɗaya ta isa ta sa wannan sharaɗi a kan shafin tallafin karatu da na ɗaukar aiki da na haraji. Gyara tun a zane ba ya cin komai idan aka kwatanta da rushewa a sake.

Gwajin kuma mutane za su yi shi. Manhajojin bincike suna kama wani ɓangare ne kawai. Za su gaya maka hoto yana da bayani, ba za su gaya maka bayanin shirme ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɗauko makaho da kurma da mai lalurar hannu daga ƙungiyoyinsu, a biya su kuɗin aikinsu kamar kowane ƙwararre, a ba su irin wayar da ake sayarwa a Ƙiru, a gwada a inda sabis yake da rauni. Shafin da ya yi aiki a ofis mai sanyi a Abuja bai ci jarabawa ba tukuna. A kuma yi hattara da 'yan kasuwar da ke tallar wani ɗan maballi da za a liƙa a gefen shafi, wai shi kaɗai zai gyara komai. A Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin accessiBe ya biya dala miliyan ɗaya saboda irin wannan iƙirari.

JAMB ta nuna cewa idan an so ana iyawa. Tun 2017 ta kafa rukuni na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarabawa a cibiyoyi na daban. Abin yabo ne. Amma jarabawa rana ɗaya ce, neman gurbi da biyan kuɗin makaranta da duba sakamako kuwa shekara huɗu ne, kuma duk a shafi ake yi.

A matakin ƙaramar hukuma gyaran ma bai kai haka ba. Sanarwa takan fito ne a Facebook da WhatsApp, kuma al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a ɗauki hoton takarda mai hatimi a saka. Hoton takarda bango ne ga makaho. Jami'in yaɗa labarai ya kwafe rubutun ya sa a ƙarƙashin hoton, da Hausa, ya haɗa da saƙon murya. Idan murya ce asalin sanarwar, ya rubuta ta saboda kurame. Minti biyar ne. Haka shugabannin makarantu, da ofisoshin 'yan majalisar Ƙiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa idan za su raba fom ɗin tallafi. Kuma kowane shafi ya bar wata ƙofa ta biyu, lambar waya da mutum ke ɗauka ko tebur a sakatariya, don wanda shafin ya gagara.

Reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a Bagauda yake, cikin Bebeji. Duk shekara matasan lauyoyi suna zama a tsakiyar wannan yanki. Da su da lauyoyin da ke aikin sa kai za su iya taimaka wa ƙungiyoyin makafi da kurame su gina ƙara ta farko, domin ƙorafin baki ba ya zuwa ko'ina. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauki bidiyon fuskar waya tare da muryar manhaja a daidai inda shafin ya tsaya, a rubuta rana da irin wayar, a faɗi abin da mutumin ya rasa, ko gurbi ne ko aiki ko kuɗi. A rubuta wa mai shafin takarda a ba shi wa'adin gyara, a aika kwafi ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman da NITDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Idan shafin na hukumar tarayya ne, a haɗa da buƙata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a nemi takardar kwangilar gina shi da rahoton gwajin da aka yi masa kafin a biya. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.